Tafin Hannun Yayana

Ranar Laraba ce, cikin rani, sanyi ya riga ya tafi, tsakanin azahar da la'asar. Mu uku ne a tsakar gidanmu da ke wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Inna tana tsince shinkafa a faifai, matar Yaya tana wanke-wanke a bakin rijiya, ni kuma isowata ke nan daga Kano, na samu ɗan hutu daga gidan rediyon da nake aiki, ko mayafi ban cire ba. Sai muka ji babur ya tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama da muryar da ba ta Yaya ba.

Abokin aikinsa ne, wani mutumin Filato da ya daɗe a garinmu har ya iya ba'ar Kanawa. Ya tsaya a zaure kamar yadda ya saba. Yaya ne ya shigo shi kaɗai, hannuwansa biyu a ɗage daidai ƙirji kamar mai addu'a, an naɗe su da tsumma, tsumman ya yi baƙi ƙirin yana ɗigar mai.

Yaya shi ne ɗan farin Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye idan da wanda za ta bi ta kansa. Saboda haka zaure ta fuskanta ta ɗaga murya.

"Kai, me ya samu wannan?"

"Mama, ba wani abu ba ne," in ji abokin daga waje. "Maganin wanke tanki ne ya ɗan ci shi. Mun riga mun yi masa abin da ya kamata."

Yaya ya dube ni ya yi murmushi, gumi na zuba ta gemunsa. "Auta, saukar yaushe? In da tsaraba sai dai ki ba ni a baki, yau hannun yana hutu."

Sai na faɗi abin da hannun nan yake yi kafin a gane abin da ya tafi. A yankinmu ruwan noman rani ta kanal yake zuwa, wato ginanniyar magudana, daga babba zuwa ƙanana, har ya iso ɗan kwatamin da ke bin gefen gona. Daga nan manomi ke jawo shi da wani lanƙwasasshen bututun roba, wanda tsawonsa ya ɗan fi hannun mutum. Ana tsoma baki ɗaya a ruwa, a rufe ɗaya bakin da tafin hannu, a riƙa turawa ana jawowa da sauri, tafin yana ɗan ɗagawa yana komawa, har ruwa ya biyo ya yi tsalle ya fito. Sai a kwantar da bututun a kan kunya, ya ci gaba da zuba da kansa. Duk sirrin yana cikin tafin. In bai manne da bakin bututu ba, iska ta shiga, to ko za ka wuni kana turawa ba ɗigon da zai fito.

Baba ne ya koya wa Yaya kafin ya rasu, Yaya kuma ya fi shi. Yakan bi gefen kwatami yana tafiya yana tayar da bututai ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya tsaya da hira ba, ya bar su a bayansa suna ta zuba. Masu manyan gonaki har layi suke yi a kansa ranar da ruwa ya zo ɓangarensu. Da wannan, da 'yar gonar da Baba ya bari, ya riƙe gidan, ya kuma kai ni makaranta. Ina yarinya na sha gwadawa, ban taɓa tayar da ko ɗaya ba. Yakan karɓe ya ce, "Kawo, hannunki na biro ne."

Ranakun da ba ruwa a ɓangarenmu yakan je wani injin shinkafa da ke bakin titi ya yi aikin ƙarfi. Yadda abin ya faru a can, daga bakinsa da na abokinsa na haɗa shi daga baya. Akwai wani babban tanki da ake jiƙa shinkafa a cikinsa da ruwan zafi kafin a turara ta. Idan ya daɗe yakan yi dafi da wari, sai a wanke shi da soda, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, fara, mai kama da ɓarzajjen gishiri, da ake kawowa a buhu daga Kano. Ana narka ta a rabin duro, a shiga tankin da tsumman buhu a riƙa tsomawa ana gogewa. Safar hannu ɗaya ce a wurin, ta kuma yage tun bara. Abin da ma'aikata suka saba yi shi ne su sa hannu a ledar burodi, su ninka biyu, su ɗaure wuyan hannu da igiyar roba. Haka Yaya ya yi da hantsi ya shiga.

Gefen tankin yana da kaifi, ga ƙaiƙayin shinkafa. Ledar ta huje ba tare da ya sani ba, ruwan soda ya shiga, igiyar robar kuma ta hana shi fita. Ya ce abin da ya fara ji ɗumi ne da santsi kamar yauƙin kuɓewa, ya ɗauka gumi ne. Can ya fara jin ƙaiƙayi, sannan zugi, amma saura kaɗan ya gama, ga shi ba a fita daga tankin cikin sauƙi. Ya daure har aka kira azahar. Da ya fito ya kwance ledar, ya ga hannun ya yi fari ya kumbura. Ya ɗauki buta da gwiwar hannu zai yi alwala.

Wani dattijo mai gadin wurin ne ya fizge butar. Ya ce wannan ƙuna ce, ƙuna kuwa ba ta son ruwa, in aka sa mata sai ta tashi ta ruɓe. Duk waɗanda ke wurin suka ce haka ne. Mai kula da janareta ya kawo baƙin mai, abokin Yaya ya ruga wurin mai shayi ya sayo ɗanyen ƙwai ya fasa a kai, aka shafe hannun da kyau aka naɗe. Kowa da zuciya ɗaya ya yi. A bayan katangar injin, nisan da in ka yi jifa da dutse sai ya wuce, babban kanal ne cike da ruwa yana gudu.

Ni ma a kan wannan maganar na tashi, cewa ba a sa wa ƙuna ruwa. Amma na ga yadda Yaya ke cije leɓe, sai na kira wani likita da ke zuwa tasharmu yin shirin lafiya. Na gaya masa soda ce. Ya ce tun yaushe? Na ce tun hantsi. Sai ya ce a cire tsumman yanzu, a share man, a yi ta zuba ruwa mai yawa ba tsayawa, kuma a nemo abin hawa ana cikin zubawar.

Na faɗa. Inna ta ajiye faifai.

"Ta waya ake ganin ƙuna? Shekara nawa ina gumin shinkafa, dubi hannuna. Wace ƙuna ce ban gani ba? Ruwa ya taɓa wannan, kun kashe shi."

"Inna, likita ne ya ce."

"Likitan ya zo ya gani mana."

Matar Yaya tana tsaye da guga a hannu, ta kalli Inna ta kalle ni, ta rasa wadda za ta bi. Yaya ne ya raba gardamar. Ya durƙusa a bakin rijiya ya miƙa hannuwan, ya ce ba tare da ya dubi kowa ba, "A zuba. Abin nan bai tsaya ba, ina jin sa yana shiga ciki."

Da muka kwance tsumman, ruwan farko bai ko taɓa fatar ba, man ya sa yana zamewa ya wuce. Dole muka sa ƙyalle muna sharewa, fatar kuma tana biyo ƙyallen. Babu jini. Tafin dama ya yi toka-toka, ya yi laushi kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Tsakanin yatsun ya yi ruwan ƙasa. A wuyan hannu, inda igiyar ta ɗaure, akwai layi a zagaye, sama da shi fata lafiya lau, ƙasa da shi babu abin da za a kira fata. Matar Yaya tana jan guga tana zubawa tana kuka ba sauti. Inna ta shiga ɗaki, sai ga ta ta fito da babban bokiti ta ajiye kusa da rijiyar.

Yaya ya ce da ni, "Kin ga tsakiyar nan ba ya ciwo ko kaɗan. Nan ya tsira." Ni ma a lokacin haka na ɗauka.

A adaidaita muka tafi Kura, da jarka biyu ta ruwa, abokin yana biye da mu a babur. A can suka duba suka ce sai Kano. A asibitin Kano wata ma'aikaciyar jinya ta riƙa wanke hannun, lokaci-lokaci tana ɗora wata 'yar takarda a kan ciwon, takardar tana canza launi. Ta ce muddin tana canzawa, sodar tana nan a cikin nama. An daɗe ana wankewa kafin ta daina.

Washegari likitan da ya karɓe shi ya yi mana bayani a tsaye. Ya ce wuta in ta ƙona ka ka janye hannu, ta gama aikinta. Soda ba haka take ba. Tana narkar da kitsen da ke cikin fata, tana bin nama tana shiga, ba ta tsayawa sai an wanke ta ta fita. Santsin nan da Yaya ya ji a cikin leda, in ji shi, fatarsa ce ke narkewa. Man da aka shafa kuma rufe ta ya yi a ciki ta ci gaba da ci. Wurin da ba ya ciwo shi ne inda ya fi lalacewa, domin jijiyoyin da ke kai saƙon ciwon sun mutu. Ya ƙara da cewa ko ƙunar wuta ma ruwa mai sanyi take so, ba mai ba.

Yaya ya saurara har ya gama, sannan ya ce, "Likita, da na yi alwalar fa?"

Likitan ya ce buta ɗaya ba za ta isa ba, amma da ya tsoma hannun a ruwa mai gudu ya bar shi ya daɗe, da wataƙila labarin bai kai haka ba. Yaya ya gyaɗa kai. Bai ambaci kanal ɗin ba, ni ma ban ambata ba.

Ciwo na yau da kullum kullum raguwa yake. Wannan kuwa a makon farko ƙaruwa ya riƙa yi. Duk ranar da aka buɗe sai a ga wani wurin ya mutu, a yanke. A bayan yatsa ɗaya sai da farar jijiya ta bayyana. Daga baya aka yanko fata daga cinyarsa aka ɗora a tafin dama. Da ya farfaɗo daga aikin ya ce da matarsa, "Kin gani, ni da nake dashen shinkafa, yau ni aka yi wa dashe. Allah Ya sa irin mai kyau ne." Ta ce, "Malam, kai dai ba ka rabo da wasa." Wannan ne karo na ƙarshe da na ji ya yi dariya da ƙarfi a asibitin.

Mai kula da injin ya zo dubiya sau ɗaya da ledar lemo. Ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Allah Ya kiyaye gaba. Muka ce amin. Abokin Yaya kuwa kusan duk Lahadi in ya fito daga coci sai ya hau babur ya zo. Yakan zauna a bakin gado yana ba shi labarin gona, wanda ya taimaka da ban ruwa da wanda ya yi alkawari bai zo ba. Wata rana ya biyo ni waje ya ce, "Anti, ƙwan nan da na fasa, shi ne ya ƙara abin?" Na ce likita bai ce ƙwai ba. Ya ce to, amma ya daɗe a tsaye yana juya makullin babur a hannu.

Ana gab da faɗuwar damina aka sallame shi. An ce ya riƙa motsa yatsun kullum, ya kwana da wani katako da aka ɗaure don kada su naɗe. Ya bi duk abin da aka ce. Duk da haka tabon ya riƙa tsukewa yana jan yatsun a hankali, kamar ɗanyar fata da aka shanya a rana. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi a hannun dama suka lanƙwashe suka kwanta a tafi. Tsakanin babban yatsa da manuni ya haɗe, ya kasa buɗewa ya kama ƙotar fartanya. Fatar da aka ɗora ta kama, amma ta fi sauran duhu, gefenta ya yi tudu-tudu, ba ta gumi, ba ta kuma jin zafi ko sanyi. Sau biyu ya ƙone da kofin shayi bai sani ba sai da ya ga wurin ya tashi. Hannun hagu ya fi dama-dama, sai dai fatarsa ta yi siriri tana sheƙi, abu kaɗan sai ta tsage.

Da cokali ya koma cin tuwo. Matarsa ke ɗaura masa mazagi, ita ke zuba masa ruwan alwala. Likita ya ce a riƙa shafa wa tabon mai yanzu da ya warke, don ya yi laushi. Inna ce ta ɗauki wannan aikin ba tare da kowa ya ba ta ba. Kullum da safe takan zo da man kaɗe ta zauna kusa da shi, ta kama hannun tana murzawa, fuskarta a juye wani wajen, tana yi wa kaji faɗa. Ban taɓa ganin ta taɓa shi ba kafin wannan. Maganar ruwa ba ta sake tayar da ita ba, sai rana ɗaya da muke tankaɗe mu biyu, ta tsaya ta ce, "Ashe ruwan ne." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Da rani ya zagayo aka saki ruwa, na zo gida. Da sassafe na ga Yaya yana ƙoƙarin ɗaukar bututansa daga inda suke rataye a zaure. Na karɓa na ɗora a kai na bi shi. Abokinsa ya riga mu isa gonar. Kwatamin ya cika, ruwan yana tafiya a hankali da 'yan ganyaye a kai.

Yaya ya naɗe wando ya durƙusa. Ya riƙe bututun da hagu, ya tsoma, ya ɗora tafin dama a baki. Na san ƙarar da bututu ke yi in ya kama, wata ƙara ce mai kauri daga ciki. Abin da na ji a ranar shi ne iska tana fita ta gefen tabon. Yatsun nan biyu da suka kwanta sun hana tafin zama daidai. Ya juya hannun ta wannan gefen, ya juya ta wancan, ya sake turawa. Ya canza bututu. Ya jiƙa tafin ya sake.

"Maigida, gwada hagu," in ji abokin.

Ya gwada. Dama ta kasa riƙe bututun da ƙarfi, ya matse shi da gwiwa. A turawa ta uku ko ta huɗu ruwa ya ɗan leƙo ya koma, bakin bututun kuma ya tsaga fatar hagun, jini ya bi ruwan. Abokin ya cire silifas ɗinsa ya ce a yanki robar a ɗaure masa a tafi, ai ya ga wani ya taɓa yin haka. Aka yanka aka ɗaure. Yaya ya tura sau da yawa, sannan ya ce ba ya jin lokacin ɗagawa da lokacin rufewa, kamar yana aiki da hannun wani.

Ya zauna a kan kunya ya sa ƙafafunsa a ruwa. Can ya miƙo mini bututun.

"Auta, zo ki gwada. Yanzu ai ni da ke duk ɗaya ne."

Ban karɓa ba. Abokin ne ya karɓa, ya bi gefen kwatamin yana tayar da su, a hankali, wasu sai ya yi sau biyu. Muka zauna muna kallo ruwa yana shiga gonar. Da ya dawo na tambaye shi wa ke wanke tankin yanzu. Ya ce shi ne. Na ce an sayo safar hannu? Ya ce an ce za a sayo. Da ya ga ina kallon hannunsa sai ya ce, "Kada ki damu, Anti, ni uku nake ninka ledar."

Yaya bai sake komawa bakin kwatami da bututu ba. A ranin nan abokinsa da maƙwabta ne suka yi ta taimakawa har aka cire abin da aka shuka. Da shekara ta zagayo ya ba maƙwabcinmu gonar haya, aka zuba albasa a cikinta. Bututan suka daɗe a zaure, har wata damina indararon ɗakin Inna ya karye, aka yanka biyu daga ciki aka sa a madadinsa.